Yadda za ka tattara tarihin tsohon asibitin garinku tun masu labarin suna da rai

Ranar da muka yi sadakar ukun kawuna, da dare bayan mutane sun watse, matarsa ta jawo akwatin ƙarfensa daga ƙarƙashin gado ta ce mu duba ko akwai takardun da za a buƙata. Muka tarar da farar rigarsa ta aiki a ninke, da wani ƙaramin kwano na ƙarfe mai murfi da ta ce a ciki yake dafa allura, da hoto guda baƙi da fari, mutum goma sha ɗaya a tsaye gaban wata baranda. Shi kaɗai muka gane a cikinsu. Shekara talatin da wani abu ya yi yana anfirme, wato ma'aikacin jinya, a babban likita na Yamai, ni kuma na zauna kusa da shi sau ba adadi muna shan shayi, ban taɓa cewa Kawu su wa ke cikin hoton nan ba. Abin ya tsaya mini a rai sosai, kuma daga nan na fara bin tsofaffin ma'aikatan asibiti da wayata ina ɗaukar maganarsu. Abin da na koya a hanya shi zan zuba a nan, ko wani zai yi wa asibitin garinsu irin wannan aikin, ko kana Yamai ko Tawa ko Ƙonni ko ina ma.

Ga 'yan uwanmu na Najeriya da za su karanta: mu nan in an ce likita, sau da yawa gidan ake nufi, wato asibiti, shi kuma mai duba mutane lokotoro muke ce masa. Zabarmawa kuwa lokotoro kwaara suke kiran asibitin. To kar ku rikice in na haɗa su.

Ka fara da sanin ƙashin bayan labarin

Kafin ka je gaban kowane tsoho, ka samu 'yan shekarun da za ka jingina labari a kansu, in ba haka ba duk abin da aka faɗa maka zai zama "da can" kawai, kuma da can ba ta da gindi. Misali da babban likita na Yamai, Hôpital National. A takardu 1922 ake ba da ita a matsayin shekarar kafa shi. To ka tsaya ka yi tunani a kan wannan shekarar, domin a 1922 ne Nijar ta zama koloni ta Faransa a hukumance, kuma babban birnin lokacin Damagaram ne, sai a 1926 aka dawo da mazaunin mulki Yamai. Ke nan asibitin ya girmi zaman Yamai babban birni na dindindin, kuma garin da aka kafa shi a ciki ƙaramin gari ne a bakin kogi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa shekarar kafawa daban, shekarar da aka yi ginin da kake gani yau daban, shekarar da aka sa masa sunan da ake kiransa da shi yanzu ita ma daban. Duk asibitin da za ka bi, ka ware wa waɗannan ukun wuri dabam-dabam a littafinka, mutane suna yawan cakuɗa su.

Sai ka san yadda aikin lafiya yake a zamanin Turawa, don ka gane maganar tsofaffi. Lokotorori na farko galibi sojojin Faransa ne. A 1905 aka kafa tsarin da suke kira Assistance médicale indigène a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunsu, a 1918 kuma aka buɗe makarantar likitanci a Dakar wadda ta riƙa fitar da waɗanda ake kira médecins africains, ana rarraba su ƙasa-ƙasa, shi ya sa za ka ji tsoho ya ce "lokotoron nan ɗan Dahome ne" ko "ɗan Sanigal ne", ba ruɗewa ya yi ba. Masu yawon yaƙi da manyan cututtuka kuwa, masu shiga ƙauyuka da mota suna yin lamba, wato rigakafi, suna duba kuturta, cibiyarsu tana Bobo-Dioulasso. Bayan 'yancin kai na 3 ga Agusta 1960 abubuwa suka fara sauya hannu sannu a hankali, gadar Kennedy ta buɗe a 1970 aka samu hanyar ƙetarawa Harobanda, ɓangaren Yamai na ƙetaren kogi, jami'a ta zauna can, asibitin Lamorde ya zama wurin koyon ɗalibai, yau ana kiransa da sunan Amirou Boubacar Diallo. Can baya-bayan nan a 2016 aka ƙaddamar da Hôpital Général de Référence da China ta gina. In kana Tawa kuwa, ba za ka yi maganar asibiti a jihar ba ka tsallake Galmi, wanda 'yan mishan na SIM suka buɗe a 1950, har daga Najeriya ake zuwa masa.

Ba sai ka haddace duka ba. Ka rubuta su a shafin farko na littafinka, shi ke nan.

Wa za ka fara nema

Nan ne nake da ra'ayi mai ƙarfi, kuma na san wasu ba za su yarda da ni ba. Kowa in ya tashi neman tarihin asibiti, tsohon darakta yake nema ko babban farfesa. Su ma a je musu, amma a ƙarshe. Ni na ce ka fara da na ƙasa: tsohon majo wato shugaban masu aikin jinya, sajfam wato ungozomar asibiti da ta aje aiki, mai shara da wankin ɗaki, mai tura gadon marasa lafiya, direban ambilans, gardin ƙofa, mai dafa abinci, mai wankin zannuwa, mutumin ɗakin ajiye gawa, har da matar da ta yi shekara da shekaru tana sayar da koko da ƙosai a bakin ƙofa. Dalilina biyu ne. Na ɗaya manya sun bar sunansu a takarda, an buga jawabinsu a jarida, ko sun rasu za a iya gano wani abu nasu, amma mai shara in ta tafi ta tafi da komai. Na biyu darakta yana zuwa ya yi shekara uku ko biyar a canza shi, gardi kuwa yana nan daraktoci suna wucewa ta gabansa, shi ya san wace ƙofa aka toshe, wane ɗaki ne da ofis aka mayar da shi wurin kwanciya, wane icce aka sare aka yi gini a wurin.

Kuma ka fara da wanda ya fi tsufa ko ya fi rashin lafiya, ko da gidansa ya fi nisa. Wannan ba maganar wasa ba ce, akwai wata tsohuwar sajfam da aka yi mini kwatancen gidanta a Boukoki na ce sai bayan salla, bayan sallar sai gaisuwar rasuwa na je.

Yadda za ka same su ba wuya. Ka tambayi duk wani ma'aikacin lafiya da ka sani, waye ya koya maka aiki, yana raye? Ka tambayi limamin unguwa da mai unguwa, sun san gidan kowane tsohon majo domin har yanzu can ake kai yaro in ya ƙone ko ya yanke. Duk wanda ka gama hira da shi kuma kada ka tashi sai ya ba ka sunan mutum biyu, haka abin yake jan juna kamar igiyar guga.

Zuwa gidan tsoho

Kada ka faɗa masa kai tsaye da waya a hannu. Zuwan farko gaisuwa ce kawai, ka tafi da wanda ya san shi in da hali, ka riƙe goro ko sukari da ganyen shayi daidai ƙarfinka, ko na jika guda ne, wato sefa dubu, ya wadatar, ba sayen magana ka je yi ba girmamawa ce. Ka ce Baba, ko Majo in haka aka saba kiransa, don wallahi suna jin daɗin sunan nan ko sun shekara ashirin da barin aiki. Mace kuwa Inna ko Hajiya. Ka faɗi ko kai ɗan wa ne, ka faɗi abin da ya kawo ka a fili: "Baba, so nake in rubuta yadda kuka yi aiki a likita, don jikokinku su sani." Sai ka bar shi ya sa maka rana. In mace za ka yi wa tambaya a kan haihuwa, kai kuma namiji ne, ka nemi 'yar uwarka ko matarka ta yi hirar, akwai abin da Inna ba za ta taɓa faɗa a gabanka ba ko za ka kwana kana roƙo, kuma tana da gaskiya. In tsohon Bazabarme ne ya fi sakewa da Zabarmanci, ka bar shi ya yi da harshensa ka nemi mai fassara daga baya, kar ka matsa masa sai Hausa ko Faransanci.

Da hantsi ya fi, bayan ya karya kafin rana ta yi zafi, ko bayan la'asar. Awa guda ta isa, in ka ga ya fara gajiya ka tsaya ka sake dawowa, zama na biyu ma ya fi na farko daɗi kullum domin ka tayar masa da tunani ya kwana yana tuno abubuwa.

Maganar waya: ka cika caji, ka sa ta a yanayin jirgin sama don kada kira ya yanke maka ɗauka, ka ɗora ta a kan ɗan ƙyalle kusa da bakinsa kamar kamu biyu, ba a kan tiren shayi ba. Ka roƙi a kashe fanka da rediyo, fanka tana cinye murya fiye da yadda kake zato. Ka gwada minti guda ka saurara tukuna. Farkon ɗauka ka faɗi kwanan wata da unguwa, ka tambaye shi a cikin ɗaukar ko ya yarda a ɗauka, ko ya yarda a ambaci sunansa, ko ya fi son a ce "wani tsohon ma'aikaci". Amsarsa ita ce izininka, ka kiyaye ta.

Tambayoyin da ke buɗe baki

In ka ce "Baba ba ni tarihin asibiti" zai ce maka ai shi ba ɗan tarihi ba ne, ko ya yi maka jawabin da bai wuce minti biyu ba. Tambaya ƙarama ita ke jawo dogon labari. Ka ce ranar da ka fara aiki ta wace ƙofa ka shiga, wa ka fara tararwa? Albashinka na farko nawa ne, mi ka saya da shi? In wuta ta ɗauke da dare kuna tsakiyar aiki yaya kuke yi? Allurar da kuke dafawa, minti nawa take yi a wuta, wa ke wasa bakinta in ya dakushe? Masu jinya ina suke kwana, ina suke girki? Wane lokotoro ne kowa ke tsoro, wane ne marasa lafiya ke nema da suna? Wane ciwo ne ya fi cika ɗaki a farkon aikinka wanda yanzu ba a ganinsa? Wannan ta ƙarshen tana da albarka sosai, nan za ka ji labarin agana da aka shelanta ƙarewarta a duniya a 1980, da kurkunu, da yadda dusa, wato ƙyanda, ke kwashe yara kafin rigakafi ya yaɗu.

Kuma ka iya yin shiru. In ya tsaya yana kallon ƙasa kada ka yi sauri ka jefa wata tambaya, sau da yawa abin da zai fito bayan shirun nan shi ne abin da ka zo nema. Wani lokaci zai yi kuka, musamman in aka zo kan shekarun sanƙarau. Ka dakatar da waya, ka ba shi ruwa, in ya ce a bar maganar a bar ta.

Matsalar shekaru kuwa ga dabararta. Tsofaffinmu da yawa ba sa riƙe lambar shekara amma ba sa manta zamani, to ka tambaye su da zamani. Lokacin Diori ne, wato 1960 zuwa 1974? Ko bayan juyin mulkin Seyni Kunce na Afrilu 1974? Kunce ya rasu a 1987 Ali Shaibu ya hau, an yi babban taron ƙasa a 1991, Ba'are Mainasara 1996 zuwa 1999, Tanja daga ƙarshen 1999 zuwa 2010. A Yamai akwai wasu alamomin da kowa ya riƙe: kafin gada ko bayan gada, kafin gobarar babbar kasuwa ta 1982 ko bayanta, ranar 9 ga Fabrairu 1990 da aka harbi ɗalibai a gadar Kennedy, faɗuwar darajar sefa a Janairu 1994 wadda ma'aikatan lafiya ba sa mantawa don kuɗin maganin waje ya tashi lokaci guda. Ga farin 1973 da 1974 da aka tara 'yan gudun yunwa a unguwar Lazaret, ga na 1984, ga babbar annobar sanƙarau ta 1995, ga wadda aka yi a 2015 da aka sake buɗe wurin jinya a Lazaret ɗin, ga korona da ta shigo a Maris 2020. In ya ce "ɗiyata ta fari tana goye lokacin", sai ka nemi shekarar haihuwar ɗiyar, ka samu shekararka ke nan.

In mutum biyu suka saɓa a kan abu guda, kada ka zaɓi wanda ya fi maka daɗi ka jefar da ɗayan. Ka rubuta duka biyun da sunan mai kowace magana, ka nemi na uku ko takarda. Kuma kada ka je ka ce wa wancan "ai wane ya ce ƙarya kake", za ka ɓata zumuncin shekara arba'in a banza.

Amanar marasa lafiya

Wannan sashen ina roƙon a karanta shi da kyau. Tarihin asibiti cike yake da asirin mutane, kuma Yamai duk girmanta kowa ya san kowa. Tsohon ma'aikaci in hira ta yi daɗi zai iya sakin sunan wata da ta haihu ba aure, ko wani babban mutum da aka kwantar a Pavillon E, ɓangaren masu taɓin hankali, ko wanda cutar sida, wato ƙanjamau, ta kashe iyalinsa suka ce wani ciwo ne. Jikokin mutanen nan suna nan suna neman aure suna neman aiki. Ba ka da haƙƙin fitar da ko ɗaya, ko da mai ciwon ya shekara hamsin a ƙasa. In suna ya fito a ɗauka, ka cire shi a rubutu, ka cire duk abin da zai sa a gane mutumin, unguwa ko sana'a ko sunan miji, kuma wannan ɗaukar kada ta shiga WhatsApp ko Facebook ko da guntunta ne. Haka in ka samu tsohuwar rajista, ka rufe layin sunaye da takarda kafin ka ɗauki hoto, abin da kake buƙata shi ne wane ciwo, wane wata, mutum nawa. Hakanan zargi: in tsoho ya ce wane ya saci magani ko wane ya kashe mutum da sakaci, ka saurara amma kada ka buga, ba ka da shaida kuma wanda ake zargi ba ya nan balle ya kare kansa.

Takardu

Bakin mutane rabin aiki ne, sauran rabin yana cikin takarda. A Yamai ka fara da gidan ajiyar takardun ƙasa, Archives Nationales, ka nemi rahotannin shekara-shekara na ma'aikatar lafiya da na kumandojin zamanin Turawa, a cikinsu ake samun yawan gadaje da ma'aikata da cututtukan da aka gani a shekara. Da Faransanci suke, in naka bai yi ƙarfi ba ka tafi da ɗalibi. Ka leƙa IRSH, cibiyar binciken jami'ar Abdou Moumouni, da CELHTO wadda aikinta ke nan tun 1968, tattara tarihin baka, ko shawara kaɗai ka samu a wurinsu ka ci riba. A sashen koyon likitanci na jami'a akwai kundayen kammala karatu na ɗalibai, kusan kowanne da aka yi bincikensa a wani asibiti yana farawa da ɗan bayanin wurin, sai dai ka yi hattara domin ɗalibai suna kwafar juna, in ka ga jimla iri ɗaya a kundi goma to shaida guda ce ba goma ba. Tsofaffin jaridun Le Sahel da Sahel Dimanche suna da amfani wajen ranar buɗe sabon gini ko karɓar kayan taimako. Wani kaso na takardun zamanin mulkin mallaka yana Dakar, inda mazaunin gwamna janar yake, wani kuma yana Aix-en-Provence a Faransa, in kana da ɗan uwa mai karatu can ka roƙe shi ya duba maka.

Shi kansa asibitin kuwa, kada ka shiga kana ɗauke-ɗauken hoto kamar gidanku. Ka rubuta takardar neman izini zuwa ga darakta, ka faɗi ko kai waye, mi kake nema, mi za ka yi da shi, ka rubuta ƙarara cewa ba za ka taɓa dosiyen marasa lafiya ba kuma ba za ka ɗauki hoton kowa a gado ba. Ka yi kofi biyu, a buga maka kashe, wato hatimi, a naka. Sai haƙuri, mutanen nan rayuka ke gabansu, tarihinka ba shi ne gaggawarsu ba, in an ce ka dawo mako mai zuwa ka dawo da fara'a.

Amma takardun da suka fi daraja a wurina a gidaje na same su: tsohon karne, wato ɗan littafin awo, takardar ɗaukar aiki, takardar canjin wurin aiki, shaidar kammala makaranta, littafin da ɗalibin anfirme ya rubuta darasi da hannunsa, ordonansi, wato takardar sayen magani, da aka manta a cikin littafi. Kada ka karɓe su ka tafi da su ko an ba ka aro, ka ɗauki hotonsu nan take a inuwa mai haske, ba filas, gaba da baya, don bayan hoto ne ake rubuta shekara da sunaye. In tsohon yana gane mutanen cikin hoto, ka sa ya bi su ɗaya bayan ɗaya daga hagu zuwa dama kana ɗaukar muryarsa. Wannan shi ne abin da ban yi da kawuna ba. Ka kuma ba iyalin shawara kada su manna salatif a takardar da ta yage, kada su kai a rufe ta da roba mai zafi, su sa ta cikin ambulan a akwati a ɗaga daga ƙasa saboda gara da ruwan damina. Na taɓa ganin abin da gara ta yi wa tarin rajistoci a wani ƙaramin likita na wani gari, buhu uku, ka ɗaga littafi ya zube ƙasa kamar dussa.

Ka taka wurin da ƙafarka

In izini ya fito, ka ɗauki tsohon ma'aikaci guda mai sauran ƙarfi ku zaga tare, a hankali. Gini yana tayar da tunani fiye da kowace tambaya. Ka lura da kaurin bango da tsawon rufi da faɗin baranda, tsofaffin gine-ginen da aka yi kafin zuwan kilim, na'urar sanyaya ɗaki, da iska suka dogara, shi ya sa suke haka. Ka karanta duk wani allon da aka manna a bango na ranar buɗewa ko na ƙasar da ta ba da taimako, ka kwafe shi harafi da harafi. Ka zana taswira da hannunka ko ba ka iya zane ba, ka sa wa kowane gini lamba, shi kuma ya gaya maka abin da yake a da. Kada ka manta da waje: inuwar bedi da masu jinya ke shimfiɗa tabarma, masallaci, famfon da ake wanki, layin masu abinci, wurin tsayawar taksi. A ƙasarmu rabin jinya dangi ke yinta, su ke kawo abinci su ke wanki su ke gudu farmasi da ordonansi cikin dare, tarihin da bai sa su ciki ba bai cika ba. Ka tambaye su su ma, musamman a kan kuɗi, yaushe aka fara biya, yaya abin ya zama bayan tsarin Bamako na 1987 da ya kawo biyan kuɗin magani a ƙananan likitoci, mi ya canza da gwamnatin Tanja ta ce aikin fiɗar haihuwa da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne.

Adanawa da mayar wa mutane abinsu

A ranar da ka yi ɗauka, a ranar za ka kwafe ta, kada ka kwana tana waya kaɗai, waya tana faɗawa ruwa tana ɓata ana sace ta. Wuri uku: kwamfuta, kile ta USB ko katin memori da ke wani gida daban, da intanet a inda kai kaɗai ke da mabuɗi. Ka sa wa kowane fayil suna mai ma'ana, shekara da wata da rana da aikin mutumin, kamar 2024-03-09 sajfam zama na biyu. In za ka tura hoto ta WhatsApp ka tura shi a matsayin dokima, wato document, in ba haka ba yana matse shi rubutun ya dushe.

Sai rubutawa, wanda shi ne aikin da ya fi cin rai, a gwajina hirar awa guda tana cin awa biyar ko shida kafin ta koma takarda. Ka rubuta yadda ya faɗa, da karin harshensa, in Ba'adare ne ya ce "shina" ko "mutun nan ya tahi" ka bar masa abinsa, kalmomin Faransancin da ya lanƙwasa ma ka bar su haka, su ma tarihi ne. Gyaranka da ƙarin bayaninka ka sa su gefe, a san wanne ne nasa wanne ne naka.

In ka gama, ka koma gidansa ka karanta masa, ko jikansa ya karanta, ya gyara abin da ka ji ba daidai ba, ya cire abin da ya yi nadamar faɗa. Ka bar wa iyalin kofin muryar a katin memori da hoton da ka wanke musu, ka kai kofi guda ga asibitin, guda ga ɗakin karatun jami'a ko wata cibiyar da za ta karɓa. Hoton kawuna kuwa na wanke shi babba ina yawo da shi cikin jaka, duk gidan tsohon ma'aikacin da na shiga sai na fito da shi bayan an gama hira, zuwa yanzu an gane mini mutum huɗu cikin goma da suka rage, kuma wata Hajiya a Gamkalle ta ce in dawo ranar Lahadi ƙanwarta za ta zo, ita ta yi aiki a ɗakin da barandar take.